Masu Ɗaukar Hoton Dabba a Sakkwato, Kowa da Halinsa

Tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, dabbobin Sakkwato ba su ƙara samun sakat ba. A da sai ranar hawan Sallah ake ganin mai hoto yana bin dawaki a ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Yanzu kuwa rago, kyanwa, tattabara, har jakin ɗaukar yashi, babu wanda ya tsira. Masu ɗaukar nan kashi-kashi ne, kuma hoton kan tona halin mai waya fiye da na dabbar.

Na farko shi ne Mai Kumbura Rago. Kasuwarsa na ci ne in Babbar Sallah ta matso. Za ka same shi a Kara, ya yi rub da ciki cikin ƙura, ya kai waya dab da hancin rago. Kyamarar waya kuwa duk abin da ya kusance ta sai ta ƙara masa girma, shi ya sa ɗan madaidaicin rago zai fito da kai da ƙaho irin na Balami. A tura wa Alhaji a Abuja, Alhaji ya turo kuɗi. Ranar da mota ta sauke rago sai ga kira: "Malam, wanga shi na ragon, ko ƙanenai na?" Rabin dabararsa daidai ce, domin durƙusawa daidai idon dabba ya fi ɗauka daga sama. Abin da ya rage masa shi ne ya ja baya taku biyu, ya ɗauka ta gefe, ya kuma ji tsoron Allah.

Na biyu Jarumin Azahar. Shi bai tashi ɗaukar hoto ba sai rana ta take tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ya jawo Uda, wanda gabansa baƙi ne bayansa fari, ya tsayar da shi a fili. Wayar ta rasa wanda za ta bi: gaban ya zama dunƙulen duhu, bayan ya ɓace cikin haske, ragon kuma sai haki yake. Da ya jira sanyin safiya ko bayan La'asar, ya bar rana a bayan kafaɗarsa, da har kwanciyar gashin za a gani. In ma dole ne a yi da rana, inuwar dogon yaro ba a biyan kuɗinta. Lokacin hunturu kuma ya goge gilashin kyamara da gefen riga, ya daina ɗora wa hazo laifin ƙurar aljihunsa.

Na uku Mai Filashi. Da dare yake farauta. Ya hangi kyanwa a kan katanga, ya haske ta, sai ga idanu biyu suna ci bal-bal babu jiki. Inna ta duba ta yi salati: "Ɗan nan, wagga ba mussa ba ta, goge ta maza!" Ba aljani ba ne. A bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, da shi take gani cikin duhu, shi ne kuma ya dawo masa da filashinsa. Ya bari sai da safe tana lumshe ido a bakin zaure.

Na huɗu Mai Zuƙowa. Yana son hoton raƙumi, yana kuma son ransa. Sai ya laɓe can nesa da raƙuman da aka shigo da su daga Nijar ta Illela, ya sa yatsu biyu yana buɗa allo har ƙarshe. Abin da ke fitowa sai ya tsaya yana fassara: "Nan wuya ne, nan tozo." Zuƙowar yawancin wayoyi ba ta matso da komai, yanka hoton take ta buɗa shi. Ya yi sallama da mai raƙumi, ya nemi izini, ya matsa da ƙafarsa ta inda aka nuna masa.

Na biyar Mai Umarni. "Tsaya! Dubo nan! Ke!" Da jar akuyar Sakkwato yake magana, wadda fatar kakanninta ta ƙetare Sahara har aka riƙa sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. Mai irin wannan asali ba ta karɓar umarni. Kafin ya daidaita waya ta juya masa baya, ko ta kama bakin rigarsa tana tauna. Harawa ce ke magana da ita: yaro ya riƙe a saman waya, shi kuma ya taɓa idonta a allo don ya fito tar, ya ɗauka da yawa a jere, daga baya ya zaɓi ɗaya.

Na shida Mai Ido Ɗaya. Dokinsa ya sha ado, linzami na walƙiya, amma bai dubi bayansa ba. Ga shanyar zannuwa, ga buta a kife, ga turken lantarki ya tsiro daga kan doki. Kafin a danna, a duba kusurwa huɗu.

Sai masu sharhi, su ma gari guda ne. Akwai wanda duk kyan hoto tambayarsa ɗaya: "Nawa ka saye shi?" Akwai mai cewa a ɓoye saboda bakin mutane, alhali shi ya fara yaba ƙahon ba tare da Masha Allah ba. Akwai gwanin da bai taɓa ɗaukar ko kaza ba, amma ya san matsalar daga wayarka take. Akwai kuma wanda bai ga rago ba, hanta ya gani, har ya ce a ajiye masa.

Wanda sharhinsa ke da amfani ba a cika tambayarsa ba: yaron da ke ba ragon dusa safe da yamma. Shi zai ce maka, "Yaya, ba yanzu ba, bari ya ƙoshi ya kwanta ya fara tuƙa." Ka bi maganarsa hoto ya yi kyau, ka sa a WhatsApp, yabo ya yi ta zuwa gare ka. Kada dai ka manta da yaron ranar rabon nama.