Kawu, Ɗan Duba Min Insha'in Nan

Duk wanda aka shaida da iya Turanci a dangi, daga Agusta zuwa farkon Janairu ya yi sallama da hutu. Lokacin ne 'ya'yan 'yan'uwa da ƙannen abokai, waɗanda suka yi 'yan shekaru a banki ko kamfanin waya, suke tashi neman gurbin MBA a ƙasashen waje, zagayen farko a Satumba, na biyu a Janairu. Jarrabawar GMAT dole su zauna da kansu. Wasiƙar shaida tana wuyan oga. Insha'in kuwa, kai za a jibga wa. Saƙon yakan shigo bayan isha'i: "Kawu, ɗan duba min, waƙafi da aya kawai." Ban taɓa ganin wanda ciwonsa ya tsaya a waƙafi da aya ba.

Wanda na fi ɗokin zuwansa duk shekara shi ne Mai Ceton Afirka. Makarantar kasuwanci ta Stanford ta daɗe tana yin tambaya guda da ba ta sauyawa: me ya fi komai muhimmanci a wurinka, kuma don me? Ta ware maka kalmomi 650. Tambaya ce da mutum zai iya amsawa da labarin kakarsa, ko da ranar da aka sallame shi daga aiki. Shi gogan naka, amsarsa Afirka. Dukkanta, ƙasashe 54, har da tsibiran da bai san sunansu ba. Sakin layi na farko ya sanar da Stanford cewa 'yan Najeriya sun haura miliyan 200, kuma yawancinsu matasa ne. Na biyu ya tona asirin cewa nahiyar tana da ƙasar noma da ma'adinai da hasken rana. Mai karatu a can Kalifoniya, wanda tun safe yake shan wannan jawabin daga Legas da Akara da Nairobi, ya buɗe takarda yana son ya ga mutum, sai ya tarar da taswira.

Ka ce masa, "To ɗana, kai ina kake a ciki?" Sai ya kai ka sakin layi na huɗu, inda zai dawo gida ya ƙirƙiro manhajar da za ta fitar da manoma miliyan goma daga talauci cikin shekara biyar.

"Ka taɓa noma?"

"Kakanmu yana da gona, Kawu."

"Ka taɓa shiga kasuwar Dawanau ka tambayi yadda ake cinikin buhun riɗi, wa ke bin wa bashi, nawa dillali yake ci?"

"Ai manhajar dillalan za ta kawar."

Dillalan da bai taɓa gaisawa da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuma ba ya kammalawa sai ya sako Dangote, shi ne zai gaje shi. Matatar Lekki yake hange, ya tsallake 1977, lokacin da mutumin ya fara da fataucin kaya buhu-buhu.

Abin da ya sa nake son yaron nan, yana da labari, ɓoye shi yake yi. Ka zaunar da shi, ka sa a kawo shayi, ka ja shi da hira, sai ka ji cewa a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira tsabar kuɗi ta ɓace, shi aka tura bakin ƙofar reshen bankinsu. Shi ya yanka kwali ya rubuta lambobi, ya ware layin tsofaffi da masu goyo, ya roƙi manaja a riƙa ba kowa kaɗan-kaɗan don kuɗin su zagaya, har wani ya yaga masa aljihun riga yana zagin iyayensa, washegari kuma ya dawo bakin ƙofar. Ka ce, "Ga insha'inka nan, tashi ka rubuta." Ya dube ka da tausayi. "Haba Kawu, wannan ai ƙaramin abu ne. Stanford fa ake magana." Bayan mako ya dawo. Ya matse labarin kwalin a jimla ɗaya, ya ƙaro sabon sakin layi kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka.

Akwai Mai Maimaici, wanda yake ɗaukar takardar tarihin aikinsa ya zuba mata "bayan nan" da "daga nan sai", ya kira ta insha'i. Kwamitin ɗaukar ɗalibai yana riƙe da waccan takardar a ɗaya hannun. Akwai Mai Ƙamus, da ya rantse ba zai taɓa kalmar da direban tasi zai gane ba, ka karanta jimlarsa sau uku ka gano yana nufin ya kira taro an yi. Columbia tana da maganinsa: takan ce ka faɗi aikin da kake nufin yi bayan kammalawa cikin haruffa 50. Haruffa, ba kalmomi ba. Kalma biyu daga cikin nasa sun cinye wurin.

Sai Mai Aibi Mai Kyau. INSEAD, wadda take Fontainebleau a Faransa, ta saba cewa ka siffanta kanka tsakani da Allah, ƙarfinka da rauninka. Rauninsa shi ne ya cika son aiki. Wani raunin kuma, ba ya iya barin abu sai ya yi kyau. Na uku, ya cika yarda da mutane saboda tsarkin zuciya. Wannan bawan Allah na san shi tun yana rarrafe: ba ya ɗaga waya, ba ya zuwa kan lokaci, in aka yi masa gyara sai ya yi sati yana kumbure-kumbure. Kowanne daga cikin waɗannan halayen uku na gaske zai yi insha'i mai daɗi, in ya faɗi asarar da halin ya taɓa jawo masa da abin da yake yi a kai yanzu. Na faɗa masa haka. Ya yi sati yana kumbure-kumbure.

Mai Sauya Suna ba ya ɓata lokaci. Insha'i ɗaya, makarantu takwas, ya sa kwamfuta ta cire wannan suna ta sa wancan. Shi ne ya shaida wa wata makarantar Landan cewa tun yana yaro yake mafarkin zama a Philadelphia.

Wadda take ba ni wahala ta gaske, kuma ba na iya jin haushinta, ita ce Mai Kunya. 'Yar ɗan kasuwa ce a Kantin Kwari. Ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, ta shiga shagunan mahaifinta ta tarar da bashi a rubuce a littattafai barkatai, wani ma a kan Alhaji kawai yake. Ita ta tattara su a kwamfuta, ta gano wane abokin ciniki na Maraɗi ne yake biya bayan salla, wane na Njamena ne sai an bi shi, wace atamfa ce take kwana a shago wata shida. Ita ta shawo kan mahaifinta a daina ba wani tsohon amininsa kaya bashi, kuma ta yi hakan ba tare da zumunci ya lalace ba, wanda duk ɗan kasuwa ya san ya fi lissafin wuya. Tun 2024 Harvard ta bar doguwar tambayarta guda ta koma gajerun insha'i uku, ɗaya kan jagoranci. Ga jagoranci nan tsurarsa. Ka buɗe abin da ta rubuta: mun lura, mun yanke shawara, aka samu ci gaba.

"'Yata, su wane ne mu?"

"Ni da yaran shago, Kawu."

"Wa ya kawo shawarar?"

Ta sunkuyar da kai. "Allah ne ya taimaka."

"Babu shakka. Ta hannun wa?"

Shiru. Can ta ce ai yabon kai jahilci ne. Gaskiyarta, haka aka rene mu. Amma mutanen Harvard ba su san karin maganar ba, kuma in ta rubuta "mu" za su ɗauka tana gefe tana riƙe wa wani biro. Yarjejeniyar da muke ƙarewa a kai ita ce: ba za ta ce tana da hazaƙa ba, ba za ta ce ita jaruma ce ba, za ta faɗi abin da ta yi ne kawai, ranar kaza na je, na ce, ya ƙi, na koma. Ba da labari ba yabon kai ba ne. Takan yarda, ta tafi, ta turo sabon rubutu da "ni" guda biyu, kowanne ta lulluɓe shi da "cikin ikon Allah". Ranar da ta ji MIT tana son bidiyon minti ɗaya na mai nema yana gabatar da kansa, ta cire makarantar daga jerinta.

Mai Kwamiti shi ne wanda, bayan kun gama aiki rubutu ya miƙe, zai jefa shi a zauren WhatsApp na dangi. Yayarsa likita ta ce a sa batun lafiya. Baffa ya ce ba a ambaci sarautar kakansu ba. Wani abokinsa da ya yi wata uku a Manchester ya ce Turawa ba sa son haka. Abin ya dawo maka kamar miyar da mata bakwai suka sa wa gishiri, kowacce ba ta san 'yar'uwarta ta sa ba, kuma kai za a tambaya me ya faru.

Ɗan Daren Wa'adi kuwa ya san lissafin agogo fiye da kowa. Ya san ƙarfe huɗu na yamma a Kalifoniya, lokacin da Stanford take rufewa, sha biyun dare ne a Kano a watan Satumba, don haka a ganinsa ƙarfe tara na dare da sauran lokaci. A daren ne ake ɗauke wuta, data ta ƙare, katin naira ya ƙi biyan kuɗin fom da dala, a tashi wani ɗan'uwa a Amurka daga wurin aiki. Tun ƙarshen 2022 ya sami ƙani, Mai ChatGPT, wanda yake turo rubutu sumul, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma mutum ko ɗaya a ciki. Ka tambaye shi me yake nufi da sakin layi na uku, ya ce bari ya duba.

Kada a manta da Malamin Gyara. Wannan bai taɓa ganin ƙofar Harvard ba sai a hoto, MBA ɗin ma bai yi ba, amma in ya ɗora tabarau a karan hanci ya ce "su ba haka suke so ba", sai ka rantse da shi ake zaman kwamitin. In yaro ya samu, gyaransa ne. In bai samu ba, bai ji magana ba. Yakan yi ƙorafin an dame shi, amma shekarar da ba wanda ya turo komai, sai ka ji yana tambayar dangi ko yaran bana ba su da buri ne. Har rubutu yake yi a mujalla a kansu.

Duk waɗannan ina dariya da su, in gyara abin da zai gyaru. Akwai guda ɗaya da ba na yi wa dariya: Mai Aron Wahala. An haife shi a unguwar masu hali, direba ya kai shi makarantar kuɗi, ya yi digiri a waje da kuɗin gida. Ba laifi ba ne, arzikin Allah ne. Amma wani ya raɗa masa cewa Turawa suna son labarin ɗan Afirka mai ban tausayi, sai ga shi a takarda yana tafiya makaranta ba takalmi, yana karatu da fitilar aci-balbal. Ya taɓa bin wani ofis rabon shinkafa a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, yini ɗaya, an ɗauki hoto. A insha'i ya zama wanda ya kafa gidauniya, har da wata yarinya marainiya da ta riƙe masa hannu ta faɗi wata magana mai ratsa zuciya, da Turancin da ba ta da inda za ta koya.

Mutanen sansanin nan sun rasa gidaje da gonaki da 'ya'ya. Abin da ya rage musu labarinsu ne, shi ma an zo an ɗauka don a sayi kujera a aji. Kuma kujerun ƙidayayyu ne. Wanda ya yi tafiyar ba takalmin da gaske yana nan, ya fi shi jin nauyin faɗa, wataƙila ma yana can yana rubuta "mu".

Na ce masa ba zan taɓa wannan ba. Ya ce, "Kawu, wa zai bincika?" Na ce manyan makarantun sukan sa a tantance bayanan wanda suka ɗauka, kuma mai yi maka tambayoyin baki a Harvard ya karanta fayil ɗinka kaf kafin ka zauna, yana da minti 30 na tambayar sunan gidauniyar, da masu ba ta kuɗi, da inda marainiyar take yanzu. Na ce ko ba mai bincike, ni na sani, kai ma ka sani. Na ba shi shawarar ya rubuta gaskiyarsa: yaron da aka shimfiɗa wa komai, ya je sansani yini ɗaya, ya dawo ya kasa cin abinci, in har ya kasa ɗin. Ya ce zai yi tunani.

Da daddare mahaifinsa ya kira ni. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce ya ji an sami ɗan saɓani, yaro ne, a yi haƙuri a taimaka masa, in ma wani abu ne na ɗawainiya ba matsala. Na ce Alhaji ba batun ɗawainiya ba ne. Ya ce to madalla, ya gode, dama akwai wani a Abuja da yake yi musu irin wannan aikin.