Ɗan Gwaggo Zai Keta Dajin Ostireliya A Kan Babur

Ɗan Gwaggo, bawana na gado.

Labari ya iso gida cewa karatun da aka tura ka yi a Adelaide ya haifi babur. Wai ka sayi wani ƙaton mashin mai akwatuna biyu a kwiɓi, ka haɗa da hular kwano da tanti, ka kuma rantse cewa da an ba da hutun Disamba za ka keta Ostireliya daga kudu zuwa arewa, kana kwana a daji, sai ka ga Darwin. Gwaggo ta kasa cin tuwo, tana neman wanda zai yi maka magana. Na ce a bar ni da kai. Ɗan mace dukiyar ɗan namiji ne, kuma ba mai zuba ido dukiyarsa ta salwanta a jeji.

Hanyar da kake hari, wadda ta tashi daga Port Augusta ta dire Darwin, ta haura kilomita 2,700. Sunan wani Bature ta ci, John McDouall Stuart, wanda ya keta ƙasar a 1862 bayan ya sha gwadawa yana komawa. Ka tambaya a gaya maka yadda ya dawo: idanunsa sun kusa mutuwa, ba ya iya zaman sirdi, sai a makara aka rataye shi tsakanin dawaki biyu. To shi ke nan mai hanyar.

Na san za ka ce yanzu an zuba kwalta. An zuba. Amma kai ai ba hanya ce take kai ka gari ba, mutane ne. Duk ƙwarewar da kake tutiya da ita a kan roba-robarka ta da, ta jama'ar Annabi ce. Taya ta sace, ga mai faci a gindin dogonyaro. Mai ya ƙare, ga ɗan cuwa-cuwa da galan. Mashin ya ƙi tashi, yara uku sun taso sun tura ka, ko sannu ba ka ce musu. A can kuwa, daga Glendambo zuwa Coober Pedy, kimanin kilomita 250, babu gidan mai ko ɗaya, balle mai shayin da za ka ci bashi. Akwai wata gonar kiwon shanu a yankin, Anna Creek, wadda faɗinta ya wuce misali, mutanen da ke cikinta kuwa ba za su cika sahu biyu a masallacin unguwarku ba. Wa zai tura ka?

An ce har cewa ka yi kwalta ta tsofaffi ce, kai burji za ka bi, hanyar Oodnadatta, daga Marree zuwa Marla, wajen kilomita 600 na tsakuwa da gargada. Gargadar nan kwance ƙusoshin babur take yi ɗaya bayan ɗaya, ta kwance na mahayin. Akwai kuma ramukan da ƙura mai laushi take cikewa har su yi daidai da hanya. Ido ba ya rabe su, sai tayar gaba ta nutse mutum ya ji shi a sama. Wanda ya faɗi da mashin mai nauyin buhu huɗu na masara, ga kaya a kai, shi zai ɗaga abinsa da kansa. Kai da ko tulun Gwaggo sai an kama maka.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba ni dariya. Kana ƙasar da komai nata a juye yake, har tuƙi ta hannun hagu suke yi, amma lissafin hunturun Kano kake yi. Disamba a can tsakiyar bazara ce. A garin Oodnadatta ɗin nan da kake ɗoki, zafi ya kai digiri 50.7 a ranar 2 ga Janairun 1960. Mutanen Coober Pedy, masu haƙar dutsen ado na opal, da yawansu a ƙarƙashin ƙasa suka fafe ɗakunan kwana don gudun rana. Hamadar Simpson mai tuddan yashi sama da 1,100, hukuma rufe ta take yi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, don ta gaji da neman gawar masu taurin kai. Masu ƙasa sun shige rami, baƙo daga Fagge ya fito da baƙar rigar fata.

Kwanan dajin ma na ga hoton da kake yi masa a ranka: wuta tana ci, shayi yana tafasa, kana kallon taurari. Ba a gaya maka ƙudaje ba. Tun fitowar rana suke bin ido da hanci da baki suna neman danshi, har sai mutum ya rufa raga a fuska kamar amarya. Idan da sanyi ka je, dare a wajen Alice Springs yakan kai ruwa ya daskare. Da safe sai ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa. In ka kai arewa kuma, kada ka ga kogi ka ce za ka yi alwala a baki ko ka kafa tanti a gaɓa, kadojin can har cikin teku suke shiga. Kilishin da ka ce a aiko maka na guzuri, ka haƙura. Ma'aikatan filin jirginsu ba sa barin irin wannan nama ya shiga.

Tafiyar magariba da ta asuba ka yafe ta. Lokacin ne kangaru yake tsallako hanya ba sallama, shi da shanu da raƙuma. Ga tirelolinsu masu jan bodi uku, tsawonsu yakan kai mita 53; iskar wucewarsu kaɗai ta isa ta maida kai cikin ciyawa.

Raƙuman nan ma suna da labarin da ya kamata ka sani. Musulmi ne daga Afganistan da yankin da yake Pakistan a yau suka riƙa jan su tun daga shekarun 1860, suna kai kaya inda keken doki ba ya zuwa. A Marree suka gina ɗaya daga cikin masallatan farko na ƙasar, kuma jirgin ƙasan Ghan sunansu ya ci. Da mota ta zo aka saki dabbobin suka bazu a daji. Ka tsaya a Marree ka yi ƙasaru, ka yi wa masu raƙuman addu'a. Su da ayari suke tafiya, sun san inda kowace rijiya take. Su kuwa Turawa masu binciken ƙasa Burke da Wills, da suka bar Melbourne a 1860 da tarin kaya da alfahari, yunwa ta kashe su a Cooper Creek a 1861. Abokin tafiyarsu John King ya rayu ne don 'yan asalin wurin sun ɗauke shi sun ciyar da shi. Saboda haka in hanya ta ratsa ƙasarsu, ka nemi takardar izini, ka kuma sauke girman kan nan na gidanku.

Ban hana ka tafiya ba, don na san mai rabon shan duka ba ya jin bari. Ka dai jira watan Yuni ko Yuli. Ka sami abokai biyu waɗanda suka fi ka hankali, ba zai yi wuya ba. Ka koyi faci da hannunka tun kana gari, ka ɗauki ruwa fiye da abin da kake zato, da na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, don wayarka ba za ta sami sabis ba. In mashin ya mutu, ka zauna a gindinsa. Daga sama an fi ganin babur a kan mutum, kuma likitocin jirgin sama da suke aiki a dajin tun 1928 ba su san ka da suna ba.

Kafin ka tayar, ka rubuta takarda ka sa hannu cewa babur ɗin da akwatunansa nawa ne, ko ka dawo ko ba ka dawo ba. Sannan ka kira Gwaggo yau ɗin nan, ta samu ta ci abinci.