Hutun Kwana Ɗaya Mai Cin Wata Guda

A takarda, hutun bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba kwana ɗaya ne tak. Haka ministan cikin gida ke sanarwa, haka kuma malam ya ɗauka ranar da ya zauna a watan Satumba ya ja layi da rula a littafin tsarin darasi: mako na ɗaya kaza, mako na biyu kaza, har zuwa jarrabawar Disamba. Hedimasta ya sa hannu da jan biro. Su biyun sun san ba mai bin abin nan, amma ba wanda ya yi ko murmushi.

Makon farko dai ba ya cikin lissafi. Damina ta bar ciyawa har ƙugu a filin makaranta, saboda haka fartanya da tsintsiya ake zuwa da su, wanda ya zo da littafi kallon baƙo ake yi masa. A mako na biyu aka fara taɓa alli. Kafin a kai na uku ganga ta ɗauka, an shiga atisayen fareti.

Nan ne malamin wasanni, wanda duk shekara ba a jin ɗuriyarsa, yake zama gwamna. Zai faɗo aji da usur a wuya, ko sallama babu.

"Dogaye su fito."

Aka kwashe dogaye. Jim kaɗan ya dawo neman masu farar safa. Aka bar malamin lissafi da gajeru marasa safa, yana koya musu rabawa, su kuwa wuyansu duk ya karkata taga, ƙafafunsu na ƙarƙashin benci suna hagu dama, hagu dama. In ya ce takwas a raba biyu, amsar da zai samu ita ce usur daga fili.

Malami mai dabara yakan ce tunda hankalin yara na kan bikin, bari a yi darasi a kansa. Sai ya ba da labarin 1960, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har ya ƙara da alfahari cewa firaministan nan malamin makaranta ne, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a Midil ta Bauchi ya koyar. Ya gama ya share gumi, ya ce to, wa ya ba mu 'yanci? Wani ɗan gaba ya ɗaga hannu.

"Hedimasta ne, Malam. Shi ya ce gobe ba makaranta."

Taken ƙasa kuma nasa daban. Tun da aka dawo da tsohon a watan Mayun 2024, layin farko kawai ake rerawa da ƙarfi a asambuli, sauran sai gunguni. Malamai na motsa baki suna satar kallon juna. Mutum ɗaya ne ya iya shi har ƙarshe, baba maigadi, da yake ya rera shi a firamare kafin a sauya shi a 1978.

Sannan akwai ilimin ranar da hutun ya faɗo, ilimin da ba a koyarwa a kwalejin horon malamai amma kowane ɗan aji uku ya ƙware a kai. A 2024 Talata ce, don haka Litinin ta bi ruwa: wa zai wanke yunifom saboda kwana ɗaya? A 2025 Laraba ce, ta raba mako gida biyu, kowane ɓari ya yi kaɗan a fara sabon darasi. A 2026 Alhamis, Juma'a kuwa da ma rabin rana ce, an ba da ita sadaka. Ba a gama wartsake gajiyar fareti ba sai ga 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya da UNESCO ta ware tun 1994, a yi anko a je a saurari alkawuran bara da sabuwar murya. Ta 2025 ta faɗo Lahadi, kuma har yau akwai malaman da ke ganin an cuce su.

Duk wannan wasa ne a kan hutun da babu ministan da ke sanar da shi. Kaka ta yi. An cire gyaɗa, wake ya nuna, dawa na tafe. A makarantar ƙauye rajista sai ta koma jerin sunayen waɗanda "an aike su". Malam ya ɗauki ƙafa har gida bin sawun ɗalibi, uban ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi tsaf.

"Gaskiyarka, Malam. Amma ai karatu ba ya zubewa a ƙasa. Wake kuwa in ya bushe fashewa yake yi."

Malam bai ja da nisa ba, don shi ma jibi 'yan aji shida za su je gonarsa, abin da aka rubuta a littafi da sunan darasin aikin gona a aikace.

Waɗanda suka zo ajin ma ba hannu rabbana suke zuwa ba. Aljihu cike da dafaffiyar gyaɗa, ƙarƙashin benci ɓawo da tuƙar rake. Monita, wanda aka ɗora wa rubuta sunayen masu surutu, ya buɗe kasuwa: cikin tafi ɗaya na gyaɗa a goge sunanka, biyu a rubuta na abokin faɗanka. Malam ya karɓi takarda ya ga suna uku kacal a ajin da ake jin hayaniyarsa daga bakin titi, kuma ukun nan su ne waɗanda iyayensu ba su shuka gyaɗa ba bana.

Sai a tsakiyar Nuwamba malam zai duba ya ga littafi yana mako na tara, aji yana na huɗu. Daga nan alli ya kama gudu. A cika allo, a goge, a sake cikawa. "Ku dai kwafa, za ku gane a gida." Ga hunturu ya sako kai, rabin aji ba ya isowa sai rana ta yi ɗumi.

Ranar ba da sakamako uban nan ya zo da kansa, ya juya takardar ɗansa sama da ƙasa, ya ga jan biro ya fi baƙi yawa.

"Wai Malam, me kuke koya musu ne a makarantar nan?"

Malam ya gyara zama. "Alhaji, ya waken bana?"

"Alhamdulillahi, ya yi albarka. Naka fa?"