Sikirin Ɗinka Bai Mutu Ba, Malam

Ka ce sikirin ɗin laftof ɗinka ya mutu? Allah ya jiƙan rai. Ƙarfe nawa za a kai shi, mu samu jana'iza? Sai dai ni ban taɓa ganin mamacin da ke tashi kowace safiya, ya nuna maka hoto, har ka tsaya kana musu da shi a kan launi ba. Mayar da kuɗin sabon sikirin aljihu tukuna, ka zo mu yi rigima.

Na san abin da ya tayar maka da hankali. Ka je Argungu, ka sha rana a bakin kogin Matan Fada, ka ɗauko hoton wani Basarke rungume da giwan ruwa, gorarsa na reto a gefe. A waya hoton tas. Da ka zuba shi a kwamfuta, sai sararin sama ya tsage zobe-zobe, ga shuɗi mai duhu, ga mai haske, kowanne da iyakarsa, jikin kifin kuma ya yi dabbare-dabbare. Bikin kamun kifin da aka faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, shi ne ka bari ya wulaƙanta a cinyarka. Kabawa su ji!

Ka ce bairos ne? Kai komai bairos. Batir ya ƙare, bairos. Mage ta taka madannai, bairos. To wannan lissafi ne kawai. Kowane ɗigo a sikirin haɗin launi uku ne: ja, kore da shuɗi. In an ba kowanne bit 8, yana da matakai 256 daga duhu zuwa haske. Ninka 256 sau 256 sau 256, ka samu launuka 16,777,216. In saiti ya zame zuwa bit 16 ga ukun duka, saura 65,536. Matakan tsakiya sun ɓace, sai launi ya riƙa tsalle maimakon ya gangara a hankali. Tsallen nan ne zoben da kake gani.

In har yanzu kana rungume da Windows 7, wadda Microsoft ta sallama tun Janairun 2020, shiga Screen resolution, ka bi Advanced settings zuwa Monitor, ka mayar da launi kan bit 32. Daga Windows 8 ta 2012 kuwa an rufe wannan ƙofa, kowa a kan 32 yake. Ka ce taka Windows ɗin 64 ce, don haka an danne maka rabin launi? Kai jama'a! Wancan 64 ɗin maganar ƙwaƙwalwar injin ce, ko gaisawa ba sa yi da launi. Cikin 32 ɗin ma, 24 ne launi, sauran 8 ɗin ba sa ƙara ko ɗaya.

Ka ce to a yi mata fomatin a huta? A nan nake jiran ka. Sau da yawa fomatin ɗin ne ya jawo. Ka sayi HP ko Dell ɗinka 'yar gwanjo, yaron shago ya zuba mata Windows cikin gaggawa, ya bar ta babu direban katin hoto. Danna dama a kan Start, buɗe Device Manager, ka leƙa ƙarƙashin Display adapters. In ka ga Intel, AMD ko NVIDIA, madalla. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ɗan riƙon ƙwarya ne ke tuƙa ka. Shi ya sa gumaka suka kumbura, fuskoki suka baje, maɓallin ƙara haske ya yi maka kunnen ƙashi. Kifa laftof ɗin, karanta lambar samfurinta, ka sauke direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ka ce data ta yi tsada? Je ka tambayi kuɗin sikirin, ka dawo mu ƙarasa.

Wani kuma ya rantse aljanu ne, don komai ya koma baƙi da fari dare ɗaya. Aljanin yana nan a falo, shekararsa huɗu, hannunsa duk miya. Duba Color filters a saiti, ka kashe. In sikirin na komawa ruwan ɗorawa da an yi magariba, Night light ne, aikinsa ke nan. In launi ya dushe da zarar an ɗauke wuta, katin Intel ne ke yi wa batir tattali. In kuma hoto ya daskare, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare: sikirin zai ƙifta, direba ya farka. Na ga ka yi zuru, kai da ko Zuru ba ka taɓa zuwa ba.

Ka ce duk ka yi waɗannan, abin yana nan? Yauwa, yanzu ka fara magana. Ɗauko wayar HDMI ka jona da talabijin. In talabijin ta nuna hoto lafiya, katin hoto ya fita daga zargi, saura sikirin da siririyar wayar da ta ratsa ta mahaɗar murfi. Kama murfin, ka tura shi baya a hankali, ka dawo da shi. In ja ya ɓace ya dawo, ko layuka suka yi rawa suka tsaya, wayar ce ta gaji da buɗe-rufe. Wanda ya sayi sikirin saboda ita, ya sayar da kwale-kwale ne don homa ta yage. Kai kuma ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ko na Waziri Umaru a Birnin Kebbi, in majigi ya mayar da aikinka kore da shuɗi ranar kare shi, leƙa bakin wayar VGA. Allurai 15 ne a ciki, ta farko ita ke ɗauke da ja. In ta lanƙwashe, ja ya tafi hutu.

In kuwa talabijin da laftof duk sun haukace tare bayan an sa direba, to mai yiwuwa zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, bazara ta zo, Afrilu ya haura digiri 40, kai kuma ka shimfiɗe ta a katifa kana kallon wasan ƙwallo. A buɗe ta a kakkaɓe ƙura, a sake man sanyaya na'ura. Ka ce a cire katin a sa babba? A ina? A yawancin laftof katin yana cikin ƙwaƙwalwar injin, ko an like shi da dalma a jikin allon uwa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya canza maka shi, tambaye shi ta wace ƙofa zai shiga.

Saura guda ɗaya mai ɗaci. Da yawa daga sikirin masu araha bit 6 ne ga kowane launi, wato launuka 262,144 na gaskiya. Ragowar wayo ne: ɗigo yana ƙifta tsakanin launi biyu da sauri, ido ya ɗauka na uku ne. Babu saitin da zai ba shi abin da ba a ƙera shi da shi ba. Ka ce an cuce ka? Tuna nawa ka biya, ka yi shiru. In ɗaukar hoton biki ce sana'arka, nemi sikirin na waje mai kyau ka jona.

To ka bi su a jere: saiti, direba, waya, zafi, sannan sikirin a can ƙarshe. In ka gama duka, launi ya dawo daidai, amma hoton fasfo ɗinka har yanzu bai yi maka ba, kada ka sake damun mai gyara. Je ka shigar da ƙara wajen madubi.