Masu Cutar Tsohon Faifai, Daga Kwanar Dangora Zuwa Riruwai

A shekarar 2009, a Ingila, wani bawan Allah ya zaro fam 25,742 ya sayi ɗan ƙaramin faifai guda ɗaya tak, wanda waƙar da ake nema a cikinsa ba ta kai minti uku ba. Wani baƙar fatan Amurka mai suna Frank Wilson ne ya rera wa kamfanin Motown ita a 1965. Ba a kai ga sakinta kasuwa ba aka lalata faya-fayan, sai 'yan ƙalilan suka tsira. Masu irin wannan ciniki magadan 'yan gayun Ingila ne da ake ce wa mod, samarin shekarun 1960 masu matsattsiyar kwat da babur Vespa ko Lambretta, waɗanda waƙa ba ta cika burge su ba sai in ta faɗi a kasuwa. A garin Wigan har ɗakin rawa gare su, Wigan Casino, inda daga 1973 zuwa 1981 ake kwana ana cashewa da waƙoƙin da su kansu Amurkawa suka manta da su.

In ka ba da wannan labari a teburin mai shayi a Kwanar Dangora, salati za a ɗauka, a ce Bature ya rasa yadda zai yi da kuɗi. Amma ka dubi masu salatin da kyau. Cutar tana nan a tsakaninsu, daga Bebeji da Kiru har ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa. Kuɗin ne dai ba su kai na Turawa ba.

Babbansu shi ne Alhaji mai akwati. Akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gado, kwaɗo biyu, makullin yana ɗaure a mazagin wando. A ciki akwai kaset ɗin Shata da aka ɗauka da rikoda a wani biki, wanda a faɗarsa babu shi a kasuwa, babu shi a Rediyon Kaduna, babu shi ko a gidan marigayin. Sai ka yi zarya kafin ya yarda ya kunna maka, kuma kafin ka shiga zaure sai ka ajiye wayarka a bakin ƙofa tare da takalmi. Kalangu zai tashi, 'yan amshi su karɓa, daidai inda Shata zai buɗe baki ya shiga zance sai ka ji ƙas.

"Haba Alhaji, ai yanzu aka fara."

"Ya isa haka, ɗan nan. Kan rikodar ya ɗau zafi."

A bayan kaset ɗin kuwa abin da ya rubuta da jan biro shi ne "Lissafin taki", don kada ɓarawo ya gane. Masu saka faifai a Wigan ma haka suke yi: su liƙe takardar faifan, su rubuta sunan ƙarya, don kada abokin hamayya ya san abin da zai je ya nema. Ni dai a wurina Alhaji ya fi gara ɓarna. Daminar Doguwa ta fi ta birnin Kano nauyi, kuma zaren kaset ba ya shiri da laima: sai ya yi fumfuna, ya manne, ya riƙa zubar da baƙin garin da sautin yake kwance a kai. Alhaji yana gadin akwatin, waƙar tana mutuwa a ciki, ya kuma hana a kwafa.

Sai Ticha, wanda shi ne ɗan'uwan mutanen Wigan na jini. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, Vespa ɗinsa tana jingine a zaure kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. A hoton da ke bango yana da suma tuli, wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu. Faya-fayansa na James Brown ne da Otis Redding da Wilson Pickett da Aretha Franklin, waɗanda ya saya a Sabon Garin Kano ko a Jos, tun da hanyar Jos ta bayan gidansu ta wuce. Yana kuma da na gida, Bala Miller na Kaduna da Sahara All Stars na Jos. Zai gaya maka James Brown ya zo Legas a 1970, kuma gaskiya ne. Zai gaya maka Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967, kuma idonsa zai kawo ruwa, abin da bai yi ba ranar da aka yi jana'izar surukinsa. Matsalar ɗaya ce: allurar na'urarsa ta karye tun zamanin da ake cike fom ɗin fansho da hannu, kuma ba a samun irinta. Don haka sai ya zaro faifan daga jakarsa, ya hura, ya goge da gefen hula, ya riƙe shi a hannu ya rera maka da baki. Turancin da ke fita ba na Amurka ba ne, ba kuma wanda ya koyar a aji ba ne. A bikin autarsa ya tashi zai nuna wa yara yadda ake zamiya da ƙafa ɗaya a otal ɗin Bagauda a zamaninsu. Mutum biyu ne suka mayar da shi kujera.

Akwai kuma alƙalin shekaru. Wannan ba ya jin waƙa, bincikenta yake yi. Kada ka kuskura ka kira kowane baƙin faifai da sunan garmaho a gabansa, don zai tsayar da hira ya yi maka darasi: na garmahon ainihi, wanda ake wanawa da hannu, yana juyi 78 a minti, yana cin allurar ƙarfe, kuma in ya faɗi ya fashe, ƙaramin nan mai waƙa ɗaya a kowane gefe 45 yake yi, babban kuma 33. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Ya san cewa kamfanin faifai na Tabansi a Kano ya faro kafin ya koma kudu. Ya san Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata ranar 18 ga Yunin 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Duk daidai ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ana tsakiyar Bakandamiya, kowa ya yi tsit, sai ka ji shi: "Ku ji wannan kalangun na biyu. Ba shi ne ya yi kiɗan a ɗaukar farko ba." Ban taɓa ganin ya kaɗa ko da yatsa ba.

Abokin gabarsa shi ne A-gabana-aka-yi. Babu waƙar da aka ɗauka ba ya wurin. Shi ya riƙe wa Shata buta, shi ya miƙa wa Garba Supa kukuma, tarin da ake ji a gefen kaset ɗin nan ma nasa ne, mura yake yi ranar. Wata rana ya zarce ya ce ya ga Narambaɗa ido da ido. Alƙalin shekaru ya gyara zama.

"Malam, ba kai ka ce an haife ka shekarar da aka gama madatsar Tiga ba?"

"Ƙwarai kuwa."

"To 1974 ke nan. Narambaɗa kuwa tun farkon shekarun 1960 ya riga mu gidan gaskiya."

"To ai a bayan kawuna nake, goye."

Mai aro ba ya buƙatar dogon bayani. Ya karɓi kaset zai dawo da shi bayan la'asar, kuma har yau bai faɗi la'asar ɗin wace rana ba.

Wanda nake girmamawa a cikinsu shi ne likitan kaset. Kayan aikinsa biro ne mai kusurwa, reza, auduga, ɗan sukudireba, da kwalbar jan farcen da ya sato a ɗakin uwargida. In rikoda ta tauna zare, ba ya fizga. Zai buɗe murfi, ya zaro shi a hankali, ya miƙe inda ya tattare da bayan cokali, ya yanke inda ya lalace a karkace, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, sannan ya zura biro ya naɗe. Ya san C90 ya fi C60 siririn zare, don haka ya fi saurin cinyewa. Daga jin murya ta fara jan ƙafa zai gaya maka ko batir ne ya yi sanyi ko roba ce ta saki. Illarsa ita ce duk inda ya yi tiyata sai baiti ya ragu. Akwai waƙoƙin da mutanen unguwarsa suka haddace da giɓi a tsakiya, mawaƙi ya kama sunan mutum a Funtuwa ya ƙarasa kirarin a kan wani a Gusau, kuma in suka ji cikakkiyar a rediyo sai su ce gidan rediyon ne ya yi ƙari.

Tubabbe kuwa ya dawo daga Makka ya sanar cewa shi da kiɗa har abada. Bai ƙona kaset ɗinsa ba, don almubazzaranci ma laifi ne. Sai ya toshe 'yan ramukan saman da takarda, ya ɗauki wa'azi a kansu. Allah Ya karɓa. Sai dai wa'azin minti arba'in ne, gefen kaset ɗin kuma arba'in da biyar. Malam yana shafa addu'a sai ka ji garaya ta ɓarke. Jama'a su dubi Tubabbe, Tubabbe ya dubi rikoda, ya ce yaro ya zo ya kashe. An lura ba ya kiran yaron da ke kusa, sai wanda ke can bayan gida.

Dillali sabon shiga ne, kuma intanet ce ta haife shi. Ya ji labarin fam dubu ashirin da biyar ɗin nan. Ya ji yadda kaset ɗin da Mamman Sani na Nijar ya ɗauka a 1978 ya kwanta shekaru ba a san da shi ba, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013 duniya ta ji. Tun daga nan kowane fasasshen faifai ya zama gona a idonsa. Ya hau babur har Riruwai, don an ce masa tsofaffin ma'aikatan haƙar kuza sun bar kaya. Ya bi gida-gida yana cewa, "Baba, ba wani tsohon tarkace da za a rage muku?" Ya samo guda uku. Ya ɗaure su a bayan babur da tsakar rana, ya tsaya cin tsire a Tudun Wada, kafin ya iso gida sun lanƙwashe kamar gurasa. Har yanzu yana jiran Baturen, kuma ya ce lanƙwasar shaida ce ta tsufa, sai an ƙara kuɗi.

Magada su ne ƙarshen yawancin akwatuna. Ranar rabon gado ana rigima a kan gona da shanu, babu mai kallon kaset. Yara su kwashe, su zare zaren, su kai gonar shinkafa su ɗaura a kan sanduna, yana walƙiya yana kaɗawa yana korar tsuntsaye. In ka bi fadamun Tudun Wada da kaka ka ga baƙin zare yana rawa a iska, mai yiwuwa Barmani Choge ce take gadin amfanin gona.

Na ƙarshe yaro ne da bai taɓa riƙe faifai ba. Yana zaune a tasha ƙarƙashin lema, da tsohuwar kwamfuta da tarin wayoyin caji, yana tura waƙa a memori. Ba ya son tsofaffin waƙoƙi, shi na Hamisu Breaker ne, amma direbobi da dattawa suna tambaya, don haka ya tara su dubbai. Sunayen duk a hargitse: Ɗan Anace yana cikin jakar Ɗanƙwairo, Haruna Uji an rubuta masa "tsoho 2", Otis Redding kuma yana cikin waƙoƙin Indiya. Alƙalin shekaru ya taɓa zama zai gyara masa, yaron ya ce gyaran suna ma kuɗi ne. Amma duk wanda ya zo da kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba zai tafi da abin da a da sai an yi shekara ana roƙo.

A wurinsa ne aka samu waƙar nan ta cikin akwati. Ɗan Alhaji ne na cikinsa ya ɗauke ta da waya ranar da tsohon ya tafi ɗaurin aure ya manta wandon a gida. Alhaji yana zaune a ƙofar gida sai ga ɗan acaɓa ya wuce da ita tana tashi a lasifika, tun daga farko har inda bai taɓa bari kowa ya ji ba. Jama'a suka zuba masa ido. Ya saurara, ya kaɗa kai, ya ce wannan ba ita ba ce, tasa ta fi ta kalangu. Washegari ya aika kasuwa aka sayo masa kwaɗo na uku.