Masu Jiran Adaidaita a Shahuci Ranar Jarrabawa

Shahuci ta daɗe da sanin ɗalibai. A nan aka buɗe makarantar alƙalai zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda babbar jami'ar Kano ta ci sunansa a 1977. Jikokin alƙalan nan kuwa, ga su can bakin titi da sassafe, kowa da jami'ar da ya nufa da irin shirin da ya kwana yi.

Akwai Gwanin Ƙananan Baƙaƙe. Darasin wata huɗu ya dunƙule a takardar da ba ta kai tafin hannu ba, ya naɗe ya cusa a naɗin hula. Da ya yi karatu cikin daren da ya ɓata yana wannan saƙa, da ya haye. Yana zama kuma sai mai sa ido ya ce kowa ya tuɓe hula.

Kusa da shi Ustazu ne. Shi ba ya satar amsa, haramun ce. Wuya kawai Allah ya hore masa. In ka rufe takardarka sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ɓoye ilimi fa zunubi ne."

Hajiya 'Yar Saƙo sau biyu ta leƙa aji, amma sunanta bai taɓa fashi a takardar halarta ba, da rubutun hannu iri bakwai. Yau take tambayar ko malamin namiji ne.

Sai Kwamared, wanda ya fi kowa burge ni. Haƙƙin ɗalibi a bakinsa kamar karatun sallah: haƙƙin ruwa, haƙƙin wuta, haƙƙin a sake duba takarda, haƙƙin a saurari mutum kafin a kore shi. Duk gaskiya ne, kuma ranar da aka zalunce ka shi za ka nema. Shafukan littafin dokokin ɗalibai da suka yi maganar abin da ke wuyan ɗalibi ne dai har yau bai ɓare ba. Ka ce masa tun 1999 akwai dokar tarayya mai ɗaure ɓarawon jarrabawa, sai ya ce wannan zance ne na wani zama.

Ɗan ajin ƙarshe ya kwafo kundinsa daga intanet har da sadaukarwa, ga mata da 'ya'ya uku, alhali ko zance bai fara zuwa ba.

Wanda ya yi karatun gaske yana can gefe yana gyangyaɗi. Mutum biyar sun riga sun biya masa kuɗin adaidaita, kowa na son sanin lambar kujerarsa.