Mutanen Gidan Gem: Daga Mai Hura Kaset Zuwa Kocin Bayan Benci

A watan Yunin 1991 kamfanin Sega na ƙasar Japan ya saki wata shuɗiyar bushiya mai gudun tsiya, sunanta Sonic. Bayan wata biyu, ranar 27 ga Agusta, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni. Bushiyar da jihar sa'o'in juna ne ke nan. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu da katifunsu da talabijin ɗinsu, kuma ba a daɗe ba yaran garin suka san wani ƙaramin akwati mai igiyoyi biyu da kaset ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta wa wasanni dubbai a jiki, alhali idan aka ƙirga ba su wuce a lissafa da yatsu ba.

Daga wannan akwati aka wuce Sega, daga Sega aka wuce PlayStation, har aka kai ga gidan gem: shago ɗaya, labule a ƙofa, benci biyu, talabijin mai ƙeya, da ƙaramin janareta Tiger yana tari a waje. Yaran da suka goge waɗannan bencina a Takur da Yalwawa da Fagoji da Gida Dubu yau sun zama magidanta. Wani yana sakatariya, wani yana koyarwa a Kiyawa, wani yana awon hatsi a kasuwar Shuwarin. Idan hira ta ɗauko su a teburin mai shayi, sunayen wasannin ba sa ɗaukar lokaci, domin Mario ɗin Dutse shi ne na Tokyo. Abin da ke kai su tsakar dare shi ne mutanen da aka buga da su.

Ɗan Aike

Shi ne ginshiƙin tattalin arzikin gidan gem. Ana gane shi da bokitin markaɗe a tsakanin ƙafafunsa, ko ƙullin manja da magi a aljihun gaba. An aike shi tun hantsi, ya ce a ransa wasa ɗaya kawai zai yi da canjin. Murtala ɗaya ta shige. Aka ci shi, ya ce sai ya rama. Ta biyu ta bi sawu.

Yana buga wasa da ido ɗaya, ɗayan yana kan labule. Kafin ya kai gida kuwa ya gama tsara labari: layi ne a wajen mai inji, ko tumatir ya yi tsada, ko kuɗin sun faɗi a kwata. Uwa da ta ga markaɗe ya fara kumfa ba ta bukatar shaida. Gidaje da dama sun ci tuwon dare bayan isha'i saboda bugun fanareti.

Injiniya Mai Hura Kaset

Da zarar hoto ya rikice ya zama zane-zane, sai kowa ya juya gare shi. Zai zare kaset, ya ɗaga shi sama ya leƙa kamar mai duban wata, ya hura sau uku daga hagu zuwa dama, ya buga shi a cinya, ya mayar. Idan ya yi, sai ya zauna ba tare da ya kalli kowa ba. Idan bai yi ba, ya ce wanda ya taɓa kafin shi ne ya ɓata.

Gaskiyar magana, masu ƙera kaset ɗin sun yi ta gargaɗi a daina hurawa, domin danshin baki yana sa haƙoran ƙarfen su yi tsatsa. Cirewa da mayarwar ce ke gyara zaman kaset, iskar ba ta da hannu a ciki. Amma wa zai faɗa wa Injiniya haka a gaban jama'arsa?

Da zamani ya koma na faifai sai ya ƙaro ilimi. Shi ya kawo goge faifai da gefen riga, da shafa masa man goge baki, da kifa PlayStation a kan bayanta idan idonta ya raunana. Wannan na ƙarshen yana aiki kuwa. A zamanin PS2, idan jan allo ya bayyana maimakon wasa, ɗaki kan yi tsit kamar an aiko da rasuwa, a matsa wa Injiniya ya wuce gaba.

Ɗan Gata da Ƙanensa

Ɗan Gata yana da gem a gida, don haka yana da abokai fiye da ɗan siyasa a shekarar zaɓe. Ba a musu da shi. Idan ya ce a Mortal Kombat Raiden ya fi Sub-Zero, to ya fi. Idan aka kusa cin sa, sai ya tuna cewa adafta ta yi zafi, ko Baba ya kusa dawowa daga ofis, kuma Baba ya ce gem yana lalata talabijin. Masu wayo sun san ka'idar: ka ci shi sau ɗaya, ka bar shi ya ci sau biyu, gobe ma a buɗe maka ƙofa.

A gefensa akwai wanda tarihi ya fi zalunta, wato ƙanensa. An miƙa masa fad ɗin buga wasa da ba a jona ba, an ce masa shi ne ke tuƙa motar abokan gaba. Ya shekara biyu yana danne-danne yana ihun murna. Ran da aka jona masa da gaske, a wasan tankoki na Battle City, abin da ya fara yi shi ne juya bindiga ya rushe katangar gida ya harbe mikiyar da ake karewa. A Duck Hunt kuwa manna bakin bindiga yake yi a jikin gilashin talabijin, agwagwa ta tsere duk da haka, karen nan ya leƙo daga ciyawa yana masa dariya.

Ɓarawon Rai

Wannan sai a Contra, wasan kamfanin Konami na sojoji biyu. Yakan ƙarar da rayukansa tun a daji na farko, ya yi shiru kamar ya haƙura, sannan ya danna maɓalli ya ciro rai daga na abokinsa, domin wasan ya yarda da haka. A matakin hawan dutse mai gangaren ruwa kuma shi ne mai tsalle sama ba ya jira, allo ya tafi da shi, na ƙasa ya mutu. Idan aka yi magana ya ce, "To kai ma ka yi sauri mana." Akwai abotar da ba ta farfaɗo daga wannan dutse ba sai da aka shiga sakandare.

Malamin Laƙani

Littafinsa na lissafi ba komai a gaba, amma shafin baya cike yake taf. A nan ya rubuta: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Wannan laƙani ne ke mayar da rai uku talatin a Contra, kuma wani ma'aikacin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙiro shi a 1986, saboda wasan Gradius da yake gwadawa ya yi masa wuya. Malamin Laƙani bai san wannan ba. Shi dai cewa yake yi wani yayansa ne ya kawo masa daga Sabon Garin Kano.

Ba ya bayarwa kyauta. Sai an ba shi dabino, ko rabin ƙanƙara, ko wasa ɗaya. Idan zai yi kisan ƙarshe a Mortal Kombat, sai ya tura hannuwansa da fad ɗin cikin riga kada a ga sirri. Da GTA San Andreas ya fito a 2004, kasuwarsa ta buɗe sosai: laƙanin kuɗi, na makamai, na korar 'yan sanda. Yaron da ya kasa riƙe jadawalin bakwai ya haddace layuka ashirin na alwatika da da'ira da murabba'i ba tuntuɓe.

Mai Dabara Ɗaya

Bai iya komai ba, kuma ba a cin sa. A Mortal Kombat zai durƙusa a lungu yana sharar ƙafa har jinin mutum ya ƙare. A Tekken 3 zai ɗauki Eddy Gordo, ya rufe ido, ya yi ta dukan maɓallan ƙafa biyu, Eddy yana juyi kamar ɗan kokawar da ya sha tsimi. Gwanin da ya kwana yana koyon haɗe-haɗen duka zai tashi yana huci yana cewa wannan ba wasa ba ne. Mai Dabara Ɗaya zai amsa da tambaya: "An hana ne?"

Ɗan'uwansa na jini yana wasan ƙwallo. A Winning Eleven, wanda rubutunsa duk Japananci ne, yara sun haddace inda za su danna ba tare da sun karanta harafi ɗaya ba, suna kwaikwayon ihun mai sharhi Jon Kabira. Shi wannan da ya ɗauki Brazil, abin da zai fara yi shi ne ciro Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba, saboda gudu da ƙarfin ƙafa. Idan ya ɗauki Najeriya kuwa, shirin wasan gaba ɗaya kalma ɗaya ce: Babangida. Tijani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax a wancan lokaci, yana cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, kuma masu ƙera wasan sun ba shi gudun da har a ƙasashen Asiya ake labarinsa. A ba shi ƙwallo a gefen dama, a danne maɓallin gudu, sauran sai addu'a. Da wasan ƙwallo na PES 6 ya zo a 2006, Adriano na Inter Milan ya gaji wannan sarauta, har wasu shaguna suka kafa doka: ba a ɗaukar Inter.

Sarkin Uzuri

Tunda aka kafa gidan gem ba a taɓa cin sa da gaskiya ba. Fad ɗin ne maɓallinsa ya maƙale. A yi musanya, a sake cin sa: to ai wannan ma igiyarsa tana motsi. Hasken ƙofa ne ke dukan allo. Wani ya gifta. Alƙalin cikin na'ura ɗan Barcelona ne. Babbar ranarsa ita ce ranar da aka ɗauke wuta ana cin sa huɗu da nema a minti na tamanin. Zai miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Allah Ya cece ka, yanzu na fara gane wasanka."

Kocin Bayan Benci

Ba wanda ya taɓa ganin kuɗinsa, ba wanda ya taɓa ganin ya riƙe fad, amma shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Yana tsaye a bayan masu wasa, numfashinsa a ƙeyarsu. "Ba shi! Ba shi mana! Buga! Kai, ka ga irinta ko?" Ya san Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙirƙira na Master League a PES, kamar tare suka yi makarantar allo. Yana ba ɓangarori biyun shawara a lokaci guda, don haka duk wanda ya ci, shi ya faɗa.

Sau ɗaya a shekara, ranar Sallah, idan kuɗin barka da Sallah suka shigo, wani kan tausaya ya ce, "Koci, zo ka nuna mana." Sai Koci ya tuna an aike shi.

Mai Aron Waya

Wannan bai ma bukatar shago. Ya fara ne da ɗan akwatin hannu mai batir biyu, mai wasan jera bulo, jikan Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, sai ya koma wasan maciji na waya. Duk baƙon da ya ajiye Nokia 3310 a kan tabarma ya shiga alwala, zai dawo ya tarar batir ya ragu da sanda biyu, macijin ya cika allo. Gaisuwarsa ga kawu ba ta canzawa: "Kawu, sannu da zuwa, ya hanya? Akwai gem a wayarka?"

Mai Shago da Mai Zuwa Kamu

Mai shago shi ne alƙali, shi ne ma'aji, shi ne mai rimot. Dokokinsa ba a rubuce suke ba amma kowa ya sani: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna, ba a jifa da fad, ba a sa dogon lokaci sai an ƙara kuɗi, kuma idan aka kira salla a kashe. Idan janareta ke aiki farashi ya tashi. Yana da littafin bashi wanda rabin sunayen ciki laƙabi ne, Ɗan Brazil, Mai Bokiti, Sub-Zero ƙarami, don haka ko ya je gidan uban yaro bai san wa zai ce a kira masa ba.

Abokin hamayyarsa ɗaya ne, wato Mai Zuwa Kamu. Wani lokaci yaya ne, wani lokaci malamin Islamiyya da ya ga aji ya rame ranar Asabar da yamma. Alamar isowarsa ita ce labule ya ɗaga, haske ya shigo, a ga inuwar dorina. Nan take ɗaki ke rabuwa biyu: masu bi ta taga, da masu cewa su ma nemansa suka zo yi. Sai dai an sha ganin yayan da aka turo kamu ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli allo, ya ce, "Bari a ƙarasa wannan rabin." Bayan awa ɗaya sai a turo na uku ya kamo su biyun.

Yanzu wasannin sun canza suna. PES ya koma eFootball a 2021, FIFA na kamfanin EA ya koma EA Sports FC a 2023, yara kuma suna buga Free Fire da Dream League a waya, kowa da allonsa a tafin hannu. Gidajen gem da suka rage sun koma faffaɗan talabijin da fad marar igiya, ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sun ƙara musu kasuwa.

Amma mutanen suna nan. A daren da ake Gasar Zakarun Turai, duk wanda ya leƙa gidan kallon ƙwallo a Dutse zai ga Kocin Bayan Benci, da furfura a gemu, yana gaya wa koci Guardiola wanda ya kamata ya canza. Sarkin Uzuri yana gefe yana bayanin cewa ciyawar filin ce. Injiniya yana kan kujera yana juya kwanon tauraron ɗan'adam. Can kusa da ƙofa kuwa ga wani magidanci da ledar cefane a tsakanin ƙafafunsa, wayarsa tana ta ruri, yana kallon sunan uwargida a allo yana cewa saura minti biyar a tashi.